Yatsa na Shida

Dela taubashiyata ce, ɗiyar Gwaggo Fatu, kuma tun muna yara a Mai Wurno, can ƙasar Sudan, na san ba ta iya ganin abu a rufe ta wuce. In ta ga tukunya sai ta buɗe, in ta ga ƙurji sai ta matsa. Ni aure ya kawo ni Jidda shekara talatin da suka wuce, ina sayar da yaji da turaren wuta a wani lungu na Balad, tsohuwar unguwar garin. Ita kuwa ta yi karatun jinya, ta ɗauki uwarta suka koma Umdurman, har ta zama Sista Dela mai yi wa likitoci tsawa. Ban sake sa ta a ido ba sai shekarar da yaƙi ya ɓarke a Khartum. Jirgin ruwa ya sauke su a tashar Jidda, Gwaggo a keken marasa lafiya, Dela da jaka ɗaya da na'urar awon jini rataye a wuya.

Wata bakwai ta yi a asibiti ana ruwan wuta kafin ta yarda ta gudu, kuma ba ta son ba da labarin. Abu ɗaya na iya tatsa daga bakinta. Ta ce ana kawo musu mutane babu suna babu ɗan'uwa, wasu su cika kafin a tambaye su. To ita sai ta yanki filasta ta rubuta abin da ta gani: namiji, kimanin shekara arba'in, haƙorin gaba a karye, tabon ƙuna a ƙafar dama. Ta manna a ƙirjin mamacin, ta kwafe a takarda, ko wata rana danginsa za su zo nema. Ta ce a wurin ta koyi cewa suna yakan ɓace, amma jiki ba ya ƙarya. Na ce mata to Allah Ya sa kada ta manna min nata ina barci, don na san abin da za ta rubuta: mace, baki ya fi jiki girma.

A Jidda duk wannan gwaninta ba ta saya mata ko allura ba. Takardun karatunta sun ƙone da gidansu, shigowar ziyara ta yi, babu iƙama, wato takardar izinin zama, babu kafili mai tsaya mata. Matar da ta riƙe ɗakin tiyata da fitilar waya sai ga ta tana bin gidajen tsofaffin Hausawan Balad tana auna musu jini, tana wanke gyambo, tana faɗa a kan gishiri. Abin yana cin ta, ni ma yana cina, amma ba shi ne ya hana ta sukuni ba. Abin da ya hana ta sukuni ubanta ne.

Malam Abdallah ya bar Mai Wurno zuwa aikin hajji shekara hamsin da biyar da suka wuce, ya bar Gwaggo da yara maza biyu da cikin Dela wata shida. Alhazai suka dawo, shi bai dawo ba. Sai dai labari: yana nan lafiya, yana dako a tashar jiragen ruwa. Bayan 'yan shekaru aka ce ya yi aure, aka ce ya haihu, aka ce ya zama shugaban masu dako. Duk ɗan garinmu da ya neme shi sai a ce ai ya tafi Yanbu, ko ya shiga Makka jiya jiya. An rubuta masa wasiƙa har an gaji. Amsarsa ɗaya ce: lokaci lokaci sai a kawo wa Gwaggo turmin zane daga hannun wani baƙo, babu takarda babu gaisuwa. Da can kunya ce ta hana Gwaggo faɗin sunansa, kamar kowace matar kirki ta zamaninsu. Daga baya haushi ya karɓi aikin, ya zama "wancan mutumin". Manema sun zo ta kore su, alƙali ya ce zai iya raba auren ta ce a'a, wanda ya ɗaura da bakinsa shi zai kwance.

Ni kuwa da na zo Jidda na iske gidansa bai fi tafiyar minti goma daga namu ba. Ban taɓa saninsa a gida ba, ban ma zo duniya ba ya tafi, amma an nuna min shi daga nesa: dogo, siriri, kullum kai a ƙasa. Shekara talatin ina wuce ƙofarsa ina tsaki, ban taɓa gaishe shi ba, kuma ina alfahari da haka. A ganina gwaggota nake rama wa.

Shekara guda da zuwansu, ƙafafun Gwaggo suka kumbura, numfashi ya fara yi mata wuya. Dela ta saurari ƙirjinta, ta fito tsakar gida ta ce min zuciyar ta gaji, in an yi sa'a ta ga azumi. Gwaggo ba yarinya ba ce, ta gane. Ta kira mu ta ce abu ɗaya take so.

"Ku kawo min wancan mutumin ya zauna nan gabana ya sake ni. Ba na so in tashi gobe kiyama da igiyarsa a wuyana."

Na ɗauka aikin yini ɗaya ne. Ashe ban san komai ba. Sau uku Dela tana zuwa ƙofar gidan, sau uku Mansura, autar tsohon, tana tare ta. Haifaffiyar Jidda ce, tana jin Hausa amma bakinta ya fi sabawa da Larabci. Ta ce Abuya, wato babanta, ba shi da lafiya, Abuya yana barci, a karo na uku ta ce halas, ya isa haka, kada a sake zuwa, ta rufe ƙofa. Muka je wurin dattawan unguwa, waɗanda in akuyar wani ta shiga gidan wani sai sun zauna a kai. Da jin sunan Abdallah sai kowa ya tuna bai yi alwala ba. Ɗaya daga ciki ya ce mana, "Sista, a bar kaza cikin gashinta." Dela ta ce ita aikinta ke nan fige kaza. Ni har na fara zargin ko tsoron rabon gado suke yi, na ce a faɗa musu ko cokalinsa ba mu so, kalma uku kawai muke nema.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsohon yana da ciwon suga, ƙafarsa ta yi gyambo, ya rantse ba zai je asibiti a yanke masa ita ba. Wata safiya ina ƙulla yaji sai ga Mansura da kanta, ido ya yi ja, tana cewa yalla, maza Sista ta taimaka. Dela ta ɗauki jakarta, ni ma na bi, don wannan kallo ba zai wuce ni ba.

Muka same shi kwance, ya juya fuska ga bango. Dela ba ta ce masa Baba ba. Ta wanke ƙafar, ta yanke ruɓaɓɓen naman, ta ɗaure. Sannan ta kama hannunsa na hagu don ta ji bugun jini, sai na ga ta daɗe. Ta juya hannun, ta shafa gefensa da babban yatsanta, ta kai shi wajen hasken taga. Ta ajiye, ta kama na dama, ta yi haka. Ta tattara kayanta, ta ce gobe za ta dawo canza bandeji.

Sai da muka karya kwana ta tsaya ta jingina da bango.

"Ma'u, wannan ba ubana ba ne."

Na ce to sannu, wadda ba ta taɓa ganin ubanta ba ita ce za ta gane ba shi ba ne. Ta miƙo min hannunta na hagu. A gefen ƙaramin yatsa akwai ɗan tabo da na sani tun yarinta. Da yatsa na shida aka haife ta, cindo, wanzami ya cire ranar suna. Gwaggo ta sha faɗa mata cewa abin da ta gada ke nan daga wancan mutumin, shi nasa ba a cire ba, har farce gare shi. Dela ta ce ko da an cire masa daga baya, a jikin babba dole ya bar tabo, dole a ji gurbin ƙashi. Hannun tsohon nan sumul yake, yatsu biyar aka halicce shi da su. Shekara talatin ke nan ina yi wa wa tsaki?

Ba ta faɗa wa Gwaggo ba, ta ce ba a buɗe ciwo sai an tanadi abin ɗaurewa. Daga nan ta zama ɗan sandan ciki, ni kuma na rufe rumfata rabin yini ina binta, muna yawo a zafin Jidda muna sharce gumi. Wata biyu muka yi. Mun je wurin tsofaffin masu dako da ke shan shayi kusa da tasha, mun je gidan da tsofaffin mata marasa dangi ke zaune, mun je wurin wani mai hoto da ya gaji shagon ubansa. Ko'ina amsa ɗaya: Abdallah ai ga shi can a gidansa. Wasu ba su sani ba da gaske. Wasu kuwa sun sani, ana gani a idonsu, sai su ce Allahu a'alam su miƙo hannu a auna musu jini. Babu abin da ya fi ƙona rai irin mutumin da kika wanke wa gyambo jiya ya dube ki yau ya yi miki ƙarya cikin ladabi. Gwaggo kuma kullum muka dawo sai ta tambaya ko ya ce zai zo. Kumburin ya haura gwiwa.

Wata rana Dela ta jefar da jakarta a tabarma ta ce ita ce wawuya. Wata biyu tana tambayar suna, alhali ita da bakinta ta ce suna ɓacewa yake. Ta canza tambaya. Ta daina cewa wa ya san Abdallah, ta koma cewa wa yake wa Hausawa wankan gawa a shekarun nan. Wannan kam ba wanda ya ga dalilin ɓoyewa. Aka ce Kawu Zaharadden, yana nan da rai, wurin 'yarsa can kudancin Jidda wajen unguwar masana'antu.

Muka hau tasi muka je. Tsoho ne ya haura tamanin da biyar, ido ya tafi, amma kai garau. Da ya ji abin da ya kawo mu ya ce mai wanka ba ya faɗin abin da ya gani, amana ce tsakaninsa da mamaci. Dela ba ta yi gardama ba. Ta ɗora hannunta cikin nasa, ta kai yatsansa kan tabon, ta ce masa nan wanzami ya cire, ubanta kuwa da nasa ya tafi. Ya daɗe yana shafawa. Sannan ya ce wannan ba aibi ba ne, halitta ce, don haka babu laifi ya faɗa.

"Na wanke hannu irin wannan sau ɗaya. Ina saurayi, ina taya maigidana. Alhaji ne daga Sudan, kwana tara da saukarsa daga jirgi zazzaɓi ya ɗauke shi. Ko Makka bai gani ba."

Dela ta tambaye shi da wane suna aka binne shi. Ya ce babu suna. A zamanin nan, in ji shi, in mai takarda ya rasu, ba a binne takardar da shi. Mutane da yawa sun shigo a ɓoye cikin kwale-kwale, ana kama su ana mayarwa. Hoton takardun lokacin kuwa, in ya sha gumi da ruwan teku, kowane baƙin mutum zai iya zama shi. Sai dattawa su rufe mamaci shiru, su ba wani rayayye sunan. Suna ganin taimako ne, mamaci ma ya samu lada. In mamacin gwauro ne, shi ke nan. In yana da iyali a gida, to ba a iya aika musu, don ranar da aka ce ya mutu, ranar takardar ta mutu. Na tambaye shi ko babu wanda ya tuna da matar. Ya ce an tuna, an ce za a san yadda za a yi, sai kwanaki suka yi ta tafiya.

A tasi Dela ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Washegari na raka ta canza bandeji kamar kullum, ta sa Mansura ta fita nemo ruwan zafi, ta dubi tsohon ta ce, "Baba, mene ne sunan da aka raɗa maka?" Ya rufe ido. Can ya ce Mustafa, da wata irin murya kamar mai ɗanɗana abincin da ya manta. Daga Gadarif ta ƙasar Sudan ya fito, ba shi da takarda, a masaukin alhazai na bakin tasha ya haɗu da Abdallah, shi ya yi jinyarsa kwanakin nan tara. Ya ce kafin Abdallah ya cika ya damƙa masa guzurinsa, ya ce matarsa tana da ciki, a saya mata turmin zane na fitar suna a aika. Ya aika. Daga baya duk lokacin da abin ya taso masa sai ya sayi wani ya aika, don bai san me kuma zai yi ba. Wasiƙun duk ya karɓa, ya sa an karanta masa, suna cikin akwati. Matarsa ta rasu ba ta sani ba, 'ya'yansa ba su sani ba. Su shida, jikoki goma sha tara, iƙamar kowa da aikinsa da makarantarsa a kan sunan nan suke rataye. Ya roƙe ta don Allah ta rufa masa asiri.

Ban taɓa ganin Dela cikin fushi irin na ranar ba, kuma ba ta ɗaga murya ba.

"Ni ana harbi a kaina na rubuta wa baƙin da ban sani ba alamarsu, don kada uwar wani ta yi ta jira. Ku kuna zaune lafiya, gari guda, shekara hamsin da biyar, aka rasa mai kai wa mace ɗaya kalma ɗaya a kunne."

Ta gama ɗaure ƙafar tsaf, don ita ko maƙiyinta ba ta yi wa aikin banza. Muka fita. Ta ce sai ta ga kabarin. Kawu ya kwatanta mana maƙabartar, muka je, mai gadi ya ce mata ba sa shiga, kuma ko mun shiga babu abin gani, a nan ba a rubuta suna, wurin ma an sake binne wasu a kai tun tuni. Muka tsaya bakin katanga da rana tsaka kamar masu jiran mota. Dela ba za ta iya zuwa wurin hukuma ba, don ba za ta rushe mutum ashirin da biyar da ba su ci ba su sha ba. Kabari babu. A takarda kuwa ubanta yana nan da rai, bara ma aka sabunta masa iƙama.

Ni na ce kada a faɗa wa Gwaggo. A kawo tsohon ya zauna bayan labule ya ce ya sake ta, ta tafi da kwanciyar hankali, wa ya sani? Dela ta dube ni ta ce ashe ni ma na zama dattijon Balad. Gaskiya ta faɗa, haka suka fara su ma.

Bayan azahar ta zauna bakin gadon, ta riƙe hannun uwarta, ta faɗa mata duka, ba ta rage ba. Gwaggo ta saurara, numfashinta yana fita da ƙyar. Ba ta tambayi Mustafa ba, ba ta tambayi dattawa ba.

"Kwana tara kika ce?"

"Kwana tara, Inna."

"Zanen farko fa, shuɗin nan?"

"Shi ya ce a saya miki. Na fitar sunana ne."

Gwaggo ta kalli rufin ɗaki. Sannan ta ce, a hankali, ta yayyaga shi ta yi tsumman goge tukunya. Ta ce kowace asuba ta shekarun nan sai ta haɗa shi da Allah, ashe mutumin yana kwance a kabari bai san ma ta haihu ba. Ta kai hannu kunnenta ta kasa, ta ce in cire mata 'yan kunnen, in kwashe turarukana daga ɗakin, za ta shiga takaba. Limamin unguwa ya aiko cewa ba dole ba ne, kwanakinta sun wuce tun Dela tana goye. Ta ce a gaishe shi, ba ta tambaye shi ba.

Wata huɗu da kwana goma ake yi. Gwaggo ta yi kwana talatin da bakwai, tana ƙirgawa da ƙwallon dabino a cikin kofi, ta rasu saura mako guda azumi. A kwanakin nan ba ta sake cewa "wancan mutumin" ba, ta koma cewa Malam. Da muka zo yi mata sutura na ga Dela ta yanki filasta ta yi rubutu, ta manna a gefen likkafani ta ciki. Na leƙa. Ta rubuta: Fatu, matar Abdallah mai yatsu shida.

Har yau duk Talata tana zuwa duba ƙafar tsohon, ta kusa warkewa. Mansura tana kiranta ukhti, 'yar'uwa, tana murna an shirya, Dela kuma ba ta amsawa ba ta hanawa. Ranar da ya mutu da sunan ubanta za a yi masa salla, kuma mu ma za a zo a yi mana gaisuwa. Ni dai na daina tsaki in na wuce ƙofar, amma har yanzu ban iya gaishe shi ba.